Buhun da Aka Kai Tsibirin Gauraki

Litinin, 10 ga Safar, bayan azahar

Da sunan Allah. Ban saba rubuta abin da ke raina ba, amma yau na rasa wanda zan gaya wa, sai wannan ragowar littafin da 'yata Bushra ta bari da za ta tare.

Afra'u ta dawo daga tsibiri da wuri. Ita ce ɗalibar jami'ar nan ta Kano da take sauka a gidana duk damina, shekara uku ke nan, tana ƙirga tsuntsayen da ke tsibirin tsakiyar dam ɗinmu. Ƙanena Ishiyaku ne yake tuƙa ta a kwalekwalensa. Kullum da surutu take shigowa. Yau sai da ta zo tsakar gida ta tuna da sallama. Ta zazzage leda a kan tabarma: fuka-fukai, 'yan ƙafafu, da wani ɗan kai mai gashi kamar auduga.

Ta ce, "Mama, ɗan gauraka ne. Shekaranjiya su biyu ne suna bin uwarsu."

Ta ce bara waccan ta ƙirga sheƙar kirinjijiya, agwagin dajin nan, arba'in da uku. Bara sha tara. Bana shida, huɗu daga ciki babu komai sai ɓawon ƙwai. Gauraki kuwa, duk yawonta daga Rano har Kibiya ba ta ga inda suke ƙwai ba sai nan, kuma ma'aurata biyu ne kacal. Na farko sun rasa 'ya'yansu. Na biyun suna kwanci a kan ƙwai uku, saura kamar kwana ashirin su ƙyanƙyashe.

Na tambaye ta me yake cin su. Ta ce abin da ya ɗaure mata kai ke nan. Tsibirin ba kare, ba dila, ba tunku, shi ya sa tsuntsayen suke ƙwai a ƙasa hankalinsu kwance. Ta ce, "Ba aikin shaho ba ne. Abu ne mai haƙori."

Ina tsintar shinkafa a lokacin. Sai da ta tashi na ga ashe tsakuwar nake zubawa a cikin kwano.

Talata, 11 ga Safar, da hantsi

Matan da nake biya wa karatu sun zo. Na yi kuskure a surar da na haddace tun ina shekara bakwai. Maƙwabciyata Murja ce ta gyara mini, ita da ba ta kai izu biyu ba.

Alhamis, 13 ga Safar, bayan la'asar

Magana ta fita gari, kuma ta fita a karkace. Wai tun ranar kasuwar Kibiya ake cewa Ishiyaku ne yake kwashe 'ya'yan gauraki yana sayar wa dillalan Kano, ana kai wa masu kuɗi su saka a lambun gidansu. Wai fuka-fukan da ake gani na waɗanda suka mutu masa a hannu ne. Hujjarsu ɗaya: shi kaɗai ya san hanyar da ake bi ta cikin ciyawar kacala a isa wancan gefen.

Mai unguwa Ɗantsoho ya kira shi. Ya ce a jawo kwalekwalensa tudu a kife, kada ya sake taɓa ruwa sai magana ta fito fili. A tsakiyar marka, lokacin da kifi yake tasowa. Mutum mai 'ya'ya shida.

An ce da aka tambaye shi ko yana da ta cewa, ƙasa kawai ya duba.

Innalillahi. Ishiyakun da ko kifin da bai isa ci ba mayar da shi ruwa yake yi.

Juma'a, 14 ga Safar, da yamma

Ishiyaku ya zo bayan an sauko daga masallaci. Ya zauna a kan turmi, bai taɓa ruwan da na ba shi ba.

Ya ce, "Yaya Fulera, buhun nan ne."

Na ce na sani.

Bari in rubuta shi, tunda takarda ba ta da baki. Ina da mage, fara mai baƙin goshi, tun mijina marigayi Malam yana da rai. Shekara biyu da suka wuce ta koyi cin 'yan tsaki. Ta cinye wa Murja tara a mako ɗaya. Na ba da haƙuri har na gaji da jin muryata. Aka yi yadda aka saba: aka saka ta a buhu aka kai ta Durba aka saki. Kwana uku ta dawo. Aka ba wani direba ya sauke ta a bayan Rano. Mako biyu sai ga ta a bakin randa, duk ta rame, kunnenta na hagu a yage. Mijin Murja ya ce shi kam zai sa mata shinkafar ɓera a huta.

Ni kuwa an karantar da ni labarin matar da ta shiga wuta saboda mage, ni ma na karantar da wasu. Ban yarda a kashe ta ba, ban yarda in kulle ta ba. Sai dabara ta faɗo mini, har na yi hamdala a kanta: mage ba ta ƙetare ruwa. Na zuba mata banda a buhu, na yi bismillah, na ba Ishiyaku na ce ya sake ta a tsibiri. Can ba kajin kowa. Haka na ce masa: ba kajin kowa.

Ya ce tun bara yake ganin sawu a kan laka, manya da ƙanana. Ya yi shiru, yana fatan macizai za su gama da su.

Na ce to gobe in je wajen mai unguwa. A hankali na faɗa, ina jin ko ni ban yarda da kaina ba.

Ya ce, "Ki je ki ce me? Matan aure goma sha huɗu suke ɗaukar karatu a gabanki. A ja sunana a kasuwa, Yaya, ni masunci ne, warin kifi ya riga ya bi ni. Ke bari."

Na bari. Wannan shi ne abin da na yi yau.

Lahadi, 16 ga Safar, da asuba

Na ji kukan gauraki daga wajen dam. Tun ina amarya nake jin sa, ban taɓa sauraro ba.

Litinin, 17 ga Safar, bayan azahar

Afra'u ta samu wani mai kwalekwale daga ƙetare ya kai ta gefen duwatsu, inda ta ɗaure 'yar kamara a jikin itace, irin wadda take ɗaukar hoto da kanta in abu ya gifta. Gefen gauraki dai bai iya shiga ba, kacala ta riƙe shi, ya ce ba zai sake ba.

Ta shigo ana tsakiyar karatu, ba ta jira ba. Ta ce, "Mama, maguna ne. Maguna a tsibiri."

Mata suka ajiye alluna suka rufu a kan wayarta. Ga wani muzuru da kirinjijiya a baki. Ga wasu uku a kan dutse ɗaya. Ta ce ta bambance goma sha ɗaya. Ta yi bayani cewa tsuntsun tsibiri bai san mage ba, bai gaji tsoronta ba, yana kwance a kan ƙwai za ta zo ta ɗauke shi kamar an ajiye mata. Manyan gauraki sun fi ƙarfinta, amma ranar da 'ya'yan suka fito suka fara yawo a ciyawa, shi ke nan.

Sai ta wuce zuwa hoto na gaba. Fara, baƙin goshi. Ta yi ƙiba.

Murja ta karɓi wayar ta kawo kusa da ido. Ta daɗe. Ta ce, "Malama, wannan kunnen kamar na san shi."

Na ce, "Mu koma karatu."

Ta ce, "To, Malama." Ba ta sake ɗago kai ba har aka tashi.

Na ɗauka hotunan za su wanke Ishiyaku. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Yanzu cewa ake mage ba ta hawa kwalekwale da kanta, shi ya kai su don ya ɓatar da sawun cinikinsa. Samari sun ce ranar Asabar za su barbaɗa shinkafar ɓera a kifi su watsa a tsibirin. Afra'u har da hawaye, ta ce tsuntsayen ne za su fara ci.

Laraba, 19 ga Safar, bayan la'asar

Na shiga mota na tafi Rano wajen Malam Datti, abokin karatun marigayi. Na zauna daga bakin zaure, na ce wata mata ce ta aiko ni da tambaya. Na ba shi labarin duka, ban da suna.

Ya ce, "Niyyarta ta farko ba ta da laifi, Allah ya ba ta ladanta. Amma ta tambayi kanta: da ta ce can ba kajin kowa, su waɗancan tsuntsayen ba su da Mai su ne?"



Ya ce, "Ta tsare hannunta daga jini, ta aika wani baki ya zubar mata. Wannan kuskure ne na rashin sani, ana tuba daga gare shi. Amma mutumin da aka kife wa kwalekwale, wannan tana sane. Duk garin da ya waye tana shiru, sabon shafi ne."

Na tashi zan tafi, ina neman takalmina, sai ya ce, "Fulera, ki gaishe ta. Ki ce Malam ya ce nan gaba ta daina wahalar da 'yar aike, ta zo da kanta."

A mota wata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Alhamis, 20 ga Safar, da hantsi

Matar Ishiyaku ta aiko aron tiya ɗaya ta gero, tana ta ba ni haƙuri. Ita take ba ni haƙuri.

Juma'a, 21 ga Safar, da yamma

Na je. Na sa hijabin da nake zuwa ta'aziyya da shi, ban san dalili ba. Ƙofar mai unguwa cike da mutane bayan an sauko. Na tsaya daga gefe na yi sallama, sai da na yi sau uku aka ji ni.

Na ce, "Allah ya taimake ka, magen tawa ce. Ni na sa aka kai ta. Ishiyaku aike kawai ya kai."

Wani daga baya ya ce, "Malama dai?" Ishiyaku ya miƙe zai yi magana, na ce masa ya zauna, ya zauna, kamar lokacin da nake goya shi.

Mai unguwa ya ce, "Malama, guda ɗaya kika ce. Yarinyar nan ta ƙirga sha ɗaya."

A nan ne na faɗi abin da ko a littafin nan na tsallake. Na ce da ciki take.

"Kin sani a lokacin?"

"Na sani. Da hannuna na ji su suna motsi da nake saka ta a buhu. Shi ya sa ma na ƙara mata banda."

Wani ya yi dariya, aka kwaɓe shi. Mai unguwa ya shafa gemu ya ce a tayar da kwalekwalen Ishiyaku yau ɗin nan, kuma duk wanda ya kai maganar kasuwa ya koma ya kai gyaranta. Ya hana zancen guba. Ya ba mu zuwa ƙyanƙyasar ƙwai: a kamo su da rai. In an kasa, ba zai iya riƙe samari ba.

Afra'u tana wajen. Muka taho gida tare, sai ta tsaya a ƙofa. Ta ce, "Mama, kwana goma sha ɗaya ina kuka a tsakar gidanki." Na ce haka ne. Ta shige ɗaki. Na ajiye mata tuwo a bakin ƙofa, da na dawo yana nan.

Lahadi, 23 ga Safar, bayan la'asar

Shekara hamsin da biyu ban taɓa shiga kwalekwale ba sai yau. Ishiyaku ya ce, "Yaya, ki riƙe gefen, ba carbi ba." Ya haɗa keji huɗu da waya, masu ƙofar da take faɗowa in an taɓa kifin ciki. Afra'u ta zauna a gaba ta ba ni baya.

Ban san yadda zan rubuta tsibirin ba. Na ɗauka zan ga gawawwaki. Babu. Gashi ne kawai, ko'ina, a kan ciyawa, a gindin kowane dutse, kamar an fige kajin biki an share wajen ba a kwashe ba. Ga kuma shiru. Afra'u ta ce, ba ni take kallo ba, shekarar da ta fara zuwa sai ta ɗaga murya kafin Ishiyaku ya ji ta saboda kukan tsuntsaye.

Na hango gauraka a kan sheƙa daga nesa, tukkunta kamar an tsoma tsintsiya a ruwan zinare. Mijin yana tsaye a gefe yana dube-dube.

Na tsuguna na kira magena yadda nake kiranta lokacin tuwo, ina ƙwanƙwasa kwano da cokali. Ishiyaku ya ce shekara biyu ai ta manta. Na ci gaba.

Ta fito daga ƙarƙashin dutse. Ta tsaya ta dube ni, ta zo tana goga kanta a ƙafata tana gurnani. Akwai ɗan gashin tsuntsu a gefen bakinta. Ni na cire mata. Ba ta yi gardama ba da na ɗauke ta. Ita ba ta san ta yi komai ba, kuma ba ta yi ba.

Talata, 25 ga Safar, da hantsi

An kama biyar. Na share tsohon ɗakin awaki, Ishiyaku ya sa waya a taga, ya raba shi biyu, maza daban mata daban. Waɗanda aka haifa a can ba su san mutum ba, ɗaya ta yage masa hannu. Mata shida ne suka zo karatu.

Alhamis, 27 ga Safar, da yamma

Takwas. Na kasa cin abinci sai na tabbatar sun ci. Na sake duba maganar matar nan da ta kulle mage. Ba kullewar kaɗai ba ce, ba ta ciyar da ita ba. Shekara nawa ina karantar da shi, rabinsa kawai na riƙe. Da tun farko na rufe ta a ɗakin nan na ba ta abinci.

Asabar, 29 ga Safar, bayan azahar

Goma. Saura muzurun nan babba, baƙi. Yana zagaya keji ya zaro kifin ta gefe da hannu. Ishiyaku ya ce wannan ya yi karatu.

Murja ta turo ƙofa da kwanon ɗumame da kan kifi. Ta leƙa ta taga ta ce, "Ga mai kunnen nan. Ke, ina tsakina tara?" Sannan ta ce, "Malama, ni fa na matsa miki lokacin. Tun ranar hoton nake son in faɗa." Na ce ba ita ta ɗaure bakin buhu ba. Ta ce, "Amma ni na ba ki aron buhun." Muka yi dariya, ban san ina da sauranta ba.

Litinin, 2 ga Rabi'ul Awwal, da la'asar

Sun ƙyanƙyashe. Biyu, ƙwai na uku bai yi ba. Muzurun yana nan. Samari sun je ƙofar mai unguwa, ya ce a ƙara mana kwana uku. Ishiyaku da Afra'u tun asuba suke can har faɗuwar rana, suna gadi daga cikin kwalekwale don kada iyayen su tsorata.

Allah, kai ne Mai su.

Laraba, 4 ga Rabi'ul Awwal, bayan azahar

An kama muzurun yau da safe, da raga. Afra'u ta shigo da leda ƙarama, ba ta zazzage ba. Na miƙa hannu ta ba ni. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Na haƙa rami a gindin zogale. Ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta riƙe mini bakin hijabi kada ya shiga laka. Ta ce, "Saura ɗaya, Mama. Yana cin fara, na gan shi." Ta ci tuwo yau.

Alhamis, 12 ga Rabi'ul Awwal, da hantsi

Gari yana ta hidimar Mauludi. Mata tara ne suka dawo karatu, sauran ban tambaya ba. Na ji yara sun sa wa gidan nan suna gidan maguna. Ba ƙarya suka yi ba.

Afra'u ta bar kamara uku a tsibiri, mako guda ba abin da ya gifta sai ƙadangare. Ta nuna mini ɗan gaurakan a waya, ya yi ƙafafu, yana bin bayan ubansa yana tuntuɓe. Na tambaye ta ko kirinjijiya za su dawo kamar da. Ta ce ba ta sani ba, wataƙila shekara biyar, wataƙila ba za su dawo ba. Na gode mata da ba ta lallashe ni ba. Za ta kawo likitan dabbobi daga Kano ya yi musu aikin da zai hana su haihuwa. Na aika wa Malam Datti tambaya a kan haka, da sunana wannan karon.

Ishiyaku yana kawo mini ƙananan kifi duk safiya, ya ajiye ya ce, "Na ɗalibanki, Yaya."

Ɗazu wani mutumin Fassi ya yi sallama da buhu a kafaɗa, abu yana motsi a ciki. Wai magensa ce ta dame su da cin tsaki, an ce masa ƙanena yana da kwalekwale. Na ce ya ajiye buhun a nan.

Na ƙirga su kafin in rufe ƙofa. Sha biyu. Na ja sakata, na taɓa ta, na sake ƙirgawa ta taga.